Duron Hajja Dudu da Man Malam Bello

Jiya da hantsi ina zaune a rumfata ina shan shayi, sai na ji ɗayanku yana gaya wa wani manomin albasa daga Lagdo cewa man da ya zuba wa injin ban ruwansa ne ba shi da kyau. Ko noti ɗaya bai kwance ba. Ya dai sunkuya, ya shinshina tanki, ya yatsina fuska, ya yanke hukunci. Ba zan faɗi sunansa ba, ya san kansa, ga shi can yana sosa ƙeya. Ku gani kuke aikin nan ba wuya: ka duba waya, ka canza abin da ya lalace, in abu ya gagare ka ka ce laifin mai ne. To ku ajiye wayoyin nan ku saurare ni. Da wannan maganar na taɓa kashe wa wani bawan Allah sana'arsa a Pumpumre. Sunansa Malam Bello, kuma bai taɓa yi mini komai ba.

Ni ba gadon ƙarfe na yi ba. Fatauci ne ya kawo kakanmu Garwa daga ƙasar Kano, duk gidanmu 'yan kasuwa ne, ni kaɗai na fita zakka. Da mahaifina ya gaji da ganin ina kwance duk abin da ke da noti a gidan, har da keken ɗinkin mahaifiyata, sai ya kama hannuna ya kai ni wurin Baba Hamadu, wani dattijon Bafulatani mai gyaran injunan niƙa a bayan babbar kasuwa. Shekara guda cur ban yi komai ba sai wankin ƙarafa a kwano. Kayan aikinsa ba su cika akwati ɗaya ba: sifanu da suka sha hannu har suna sheƙi, gudumar tagulla wadda ba ta ji wa ƙarfe ciwo, da wani dogon sukudireba da yake dafa bakinsa a jikin inji ya kara kunne a ƙotarsa. Da shi yake jin abin da ke damun inji tun kafin ya buɗe. Ba shi da yawan magana, amma ranar da ya ji ka ce inji yana shan mai, ka shiga uku.

A wurin Baba, inji ba sha yake yi ba, ƙonawa yake yi. Wata rana ya miƙo mini famfon keke, ya ce in toshe bakinsa da yatsa in yi ta dannawa da ƙarfi. Ban daɗe ba na ji gindin famfon ya ɗauki zafi. Ya ce to ga sirrin injin gazuwal, wato dizal, a hannuna. Fistan ne yake matse iska har ta yi zafin da in an fesa mata mai, sai ya kama da kansa, ba ashana ba tartsatsi. Esansi kuwa, wato fetur ɗin da 'yan moto ke zuba wa babura, sai fulogi ya ƙyasta masa wuta. Kowanne ka ɗauka dai, wuta ake hurawa a wani ɗan ƙaramin ɗaki na ƙarfe. Zafinta ya kumbura iska, iska ta tunkuɗa fistan, fistan ya juya ƙatuwar tayar ƙarfen da ke gefe, bel ya ɗauka ya kai wa haƙoran niƙa. Garin da mace ke tankaɗewa da yamma, in ka bi sawunsa, wuta ce ta niƙa mata shi.

Abin da ya tsaya mini a rai shi ne da ya ce zafin nan ba duka yake zama aiki ba. Kashi uku yake rabuwa. Ɗaya ya juya inji, ɗaya ya bi hayaƙi ya fice ta salansa, na ukun ya shige jikin ƙarfe, dole a kwashe shi da ruwa. Ni ɗan gidan 'yan kasuwa, jin an sayi abu ana zubar da kashi biyu ya ɓata mini rai. Na tambaye shi me zai hana a toshe hanyoyin nan biyu, zafin ya tsaya ciki ya yi aiki gaba ɗaya. Sai ya ce injin da ba ya zubar da zafi ba juyawa yake yi ba, narkewa yake yi, kuma tun da aka fara ƙera inji ba a yi wanda ya cinye rabonsa duka ba.

Shi ya sa kowane tsohon injin niƙa kuke ganin duro cike da ruwa a tsaye kusa da shi, da bututu biyu, ɗaya a ƙasa ɗaya a sama. Ba famfon da ke tura ruwan. Mai sanyi ne ke shiga jikin inji ta bututun ƙasa, in ya ɗauki zafi ya yi sama da kansa ya dawo duro ta bututun sama, haka yake ta zagayawa muddin inji na aiki. Sharaɗin ɗaya ne tak: kada ruwan duro ya sauka ƙasa da bakin bututun sama. Da zarar ya sauka, zagayen ya yanke. Za ka leƙa ka ga ruwa fiye da rabin duro, hankalinka kwance, alhali can ciki kan inji yana dahuwa. Na san wannan tun ban fara aske gemu ba, ku riƙe shi, don a nan na faɗi.

Injin Hajja Dudu na Pumpumre yana cikin waɗanda na gaji gyaransu daga Baba bayan rasuwarsa. Hajja dattijuwa ce, mijinta ya rasu ya bar mata injin da gida cike da baki. Ƙaninta Saidu ne ke tsaye a kansa, mutumin kirki, sai dai ƙarar inji ta cinye masa kunne, in kana masa magana sai ka yi kamar kana kiran wanda ke ƙetaren Binuwai. Kullum da safe shi yake cika duro kafin ya tayar da inji. Gazuwal kuwa a wurin Malam Bello suke saye. Teburinsa na bakin titi, ana shan kwana ɗaya daga gidan niƙan, kwalaben zuwa-zuwa, wato esansin ƙetaren iyaka, a jere a sama don 'yan moto, jarkokin gazuwal a ƙasa don masu niƙa. Shekara da shekaru rabin injunan unguwar da mansa suke tashi, ban taɓa samun ruwa ko datti a tankin kowa ba.

Sai ga shekarar da man ƙetaren iyaka ya yi tashin da ba mu taɓa gani ba. Kun san ta, ba ku da ƙuruciyar da za ku ce kun manta. 'Yan moto da yawa suka jingine babura. Motocin da ke kawo itace da gawayi daga daji su ma da mai suke tafiya, don haka itace ya bi sahu. A wannan shekarar marasa tsoron Allah suka shiga gauraya mai da kananzir da duk abin da ya zo hannu. Injuna suka dinga zuwa rumfata da ciwon da ban saba gani ba, ni kuma bakina ya saba da faɗin cewa mai ne, domin sau da yawa man ne.

Wata safiya a tsakiyar zafin bazara Hajja ta aiko a kira ni. Jiya bayan la'asar inji ya yi ta tururi, ya rasa ƙarfi, ya mutu da niƙan mutane a ciki. Na buɗe kulas, wato kan inji, na tarar gaskit, shimfiɗar da ke tsakaninsa da jikin inji, ya ƙone. Na leƙa duro, ruwa fal har baki. Na zare bututu biyun na busa, ba abin da ya toshe. Na sa sabon gaskit, na ɗaure, inji ya tashi lafiya lau, na tafi ina jin kaina. Kwana tara aka sake kirana. Ciwo ɗaya, lokaci ɗaya, bayan la'asar. Duro kuma cike.

A nan ne girman kai ya shiga. Mata sun taru a ƙofa da kwanonin dawa da masara suna jira, Hajja na zaune a kujerarta tana kallona. Bakanike mai shekara talatin a sana'a ya ce bai sani ba? Na ɗauko jarkar gazuwal na buɗe na shinshina. Wallahi a lokacin na ji ƙanshin kananzir. Yanzu na san hancina ya ji abin da nake so ya ji ne. Na ɗaga murya yadda har Saidu zai ji, na ce man nan gauraye ne, shi yake sa inji zafi, in ana son injin ya rayu a daina saye a wurin Bello. A gaban mata fiye da goma na faɗa, kowacce kuma gidanta daban.

Kafin mako ya zagayo maganar ta gama unguwa, ta kuma yi ƙiba a hanya. Ni kananzir na ce, amma a bakin 'yan moto ta koma Bello yana zuba ruwan kogi a kwalba. Masu niƙa suka janye ɗaya bayan ɗaya. Hajja ta koma aika Saidu gidan mai na kan babban titi. In na wuce ta gaban teburin sai in ga kwalabe a jere cikin rana yadda aka jera su tun safe, Malam Bello na zaune a bayansu yana jan carbi.

Sau ɗaya ya zo rumfata. Ya yi sallama, muka gaisa, ya fito da wata farar kwalba cike da gazuwal daga aljihun rigarsa ya ajiye a kan bencina.

"Malam Garba, useko, don Allah, ka duba shi a gabana. In ka ga wani abu ka nuna mini, ni ma in sani."

Dubawar ba ta fi ƙarfina ba. Da na ɗiga a farar takarda, na bar kwalbar ta kwanta, na gwada a ƙaramin injin da ke gefena, da an gama. Amma in na duba na ga lafiya, me zan ce wa unguwa? Na ce masa aiki ya yi mini yawa, ya bari sai wani lokaci. Ya ɗauki kwalbarsa, ya yi mini fatan alheri, ya tafi.

Ba a yi sati biyu ba injin Hajja ya sake mutuwa, wannan karon kulas ɗin kansa ya tsage. Man da ke tankin kuwa na gidan mai ne, Saidu ya nuna mini jarkar. Ina tsugune gaban tsagaggen ƙarfen nan na san abu biyu: ban gano ciwon ba, kuma man Bello ba shi da laifi. Na farkon na faɗa wa Hajja. Na biyun na haɗiye.

Sai da na je har Pitowa na samo tsohon kulas a jikin wani mataccen inji, kuma mai shi ya gaya mini ba wani a ƙasar nan kusa. Da na ɗaura, na yi abin da ya kamata in yi tun farko. Na ce wa Hajja gobe ba inda za ni, a nan zan wuni. Na zo da tabarmata da butata, na zauna tun Saidu na cika duro. Hantsi ya yi, inji na ta bugawa daidai. Azahar ta wuce, ba komai, ruwan duro ya yi zafin da ba ka iya sa hannu. Har na fara tunanin na ɓata wunina a banza.

Ina dawowa daga sallar la'asar, maimakon in shiga ta ƙofar gaba sai na zagaya ta baya inda duron yake, don in taɓa bututu. Na tarar da mata huɗu da bokitai. Ɗaya ta taka turmi tana ɗibar ruwan zafi da ƙwarya tana miƙa wa na ƙasa, a natse, kamar masu ɗiba a rijiyar gidansu. Bokiti biyu sun riga sun cika. Na leƙa duro, bakin bututun sama ga shi a waje yana huci. Na ruga ciki na kashe inji, niƙan wata baiwar Allah na tsakiya.

Na tambayi Hajja tun yaushe ake wannan. Ta ce tun da itace ya gagari mutane. Masu jego ne. Kun san wankan jego, kwana arba'in safe da yamma da ruwa mai zafin gaske, kuma a da miji tun kafin haihuwa yake tara itacensa. A wannan shekarar wa zai iya? Wata maƙwabciya ta fara roƙon bokiti ɗaya don 'yarta, labari ya bazu, har ya zama duk gidan da aka haihu a unguwar, wankan yamma daga duron Hajja yake fitowa. Ran da masu ɗiba suka yi kaɗan inji ya tsira, ran da suka yi yawa ya ƙone. Saidu bai ga abin faɗa ba, tunda da safe yana mayar da ruwa. Ni kuma kullum da safe nake zuwa.

Na ce mata daga yau a daina. Na faɗa da zafi, don haushin kaina nake ji.

"Ruwan banza ne fa, Garba," in ji ta. "Kai da bakinka ka taɓa ce mini zafin nan asara ne, kuɗin mai ne ke tashi a iska."

Na ce haka ne, amma in aka ci gaba, injin ba zai kai Juma'a ba, kuma ba sauran kulas.

"Waccan mai jan zanen, ƙanwarta kwana tara da haihuwa. Mijin ɗan moto ne, moton na jingine. In ce mata ta yi wanka da ruwan randa? Ka nemo wata dabara. Kai ne mekanisiyen."

Na koma gida ina ta juya maganarta. Tun ina yaro nake kallon kashin nan na uku a matsayin abin da aka zubar, ban taɓa tambayar ko akwai mai bukatarsa ba. Tsohuwar da ba ta san sunan noti ko ɗaya ba ta riga ni gani. Washegari na yanko rabin wani duro na sa aka yi masa walda a kan na farko, ya ƙara tsawo. Na huda shi ɗani guda a saman bututun sama, na sa kan famfo a wurin. Bakin duron na rufe da ragar ƙarfe, ruwa na shiga, ƙwarya ba ta shiga. Ko an bar famfon a buɗe, ba zai taɓa ba da abin da ke ƙasa da shi ba. Hajja ta kafa doka: wadda ke son bokitin zafi ta zo da bokitin sanyi, ta zuba a hankali, sannan ta tara. Ranar farko sun yi ta gunaguni wai famfon rowa gare shi. Kafin mako sun saba, har daga unguwannin gaba ake zuwa.

Kowa ya yaba mini. Ina wucewa ana cewa ga mai dabara. Teburin Malam Bello kuwa yana nan dab da wurin, ni kuma na koyi bin wata hanya. Na ce wa kaina bari inji ya yi mako guda lafiya tukuna, don in tabbatar. Ya yi. Na ce bari ya ƙara ɗaya. Gaskiyar ita ce yabon ya yi mini daɗi, kuma ina jin kunyar tsayawa gaban mutane in ce na yi wa mutum ƙazafi. Sati uku na ɗauka ina wannan jan ƙafa.

Ranar da na yi ƙarfin hali, a masallacin unguwar ne bayan la'asar. Liman na shafa addu'a na miƙe na ce jama'a su ɗan dakata. Na ce maganar da na yi kan man Malam Bello kuskure ce, mansa lafiyayye ne, ciwon injin daga ruwa yake, kuma ina neman gafararsa a gabansu. Waɗanda ke wurin ba su fi sahu biyu ba, yawanci tsofaffi, ba mai moto ba mai injin niƙa. Suka gyaɗa kai, aka ce Allah ya ƙara haɗa kanmu, kowa ya nemi takalminsa.

Malam Bello ya jira ni a waje. Ya ce ya yafe, tun ranar da ya zo rumfata ya yafe. Sannan ya ce in raka shi. Da muka isa bakin titi, ba tebur, ba kwalabe, sai tabon mai a ƙasa. Ashe tun shekaranjiya ya rabu da kayan. Iyalinsa sun riga sun yi gaba zuwa Banyo, inda wansa ke harkar shanu, shi ma jibi zai bi su. Na ce ya dakata, zan bi masu niƙa ɗaya bayan ɗaya in gaya musu, zan tsaya a tashar 'yan moto in faɗa.

"Na ji, Malam Garba," ya ce. "Amma waɗanda suka ji ta farko sun fi waɗanda za su ji wannan yawa. Yara kuma ba sa jira."

Ya shiga shagon maƙwabcinsa inda ya ajiye ragowar tarkacensa, ya fito da wani babban mazurari na ƙarfe. An ɗaure bakinsa da farin ƙyalle ninki biyu, irin wanda ake tace mai da shi kafin a zuba wa mai saye. Ƙyallen a wanke yake tas. Ya miƙo mini da hannu biyu.

"Wannan ba shi da amfani a wurin shanu. Ka riƙe, kai ne ka san mai."

Na duba fuskarsa ina neman alamar gatse, ban samu ba, da zuciya ɗaya ya faɗa. Da zagina ya yi da ya fi mini sauƙi. Na karɓa don ban san yadda zan ƙi ba. Injin Hajja Dudu har yau yana niƙa, masu jego na tara ruwansu da yamma. Malam Bello bai sake taka Garwa ba.